Lari Lari Lan

Ƙarfe uku da minti ashirin na safiyar wata Talata abin ya fara lalacewa. Agogon Makka na wancan zamani nake nufi, wanda ake mayarwa sha biyu daidai duk faɗuwar rana, saboda haka ƙarfe uku hantsi ne, rana ta riga ta hau kan duwatsu. Na riƙe mintin ne don agogon ajinmu yana rataye saitin kan Abla, ni kuwa idan aka tsayar da ni gaban aji ba na iya kallon fuskar kowa, agogon nake kallo.

Shekarata goma sha uku, ina aji huɗu a makarantar 'yan mata. Na shiga a makare, don ba a daɗe da buɗe wa mata makarantun gwamnati ba. Abla ita ce malamarmu ta Larabci, mutumiyar Sham, doguwa mai son tsabtar rubutu, kuma tana sona saboda daftarina, littafin rubutuna, ba ya da ɗigon tawada ko ɗaya. Ranar Litinin ta ce kowace yarinya ta rubuto addu'ar da ake yi a gidansu, wadda ba ta cikin littafin makaranta.

Ban sha wahalar zaɓe ba. Ina da addu'ar Iya, mahaifiyar Babana. Idonta ya yi rauni tun ina ƙarama, don haka duk Alhamis bayan la'asar ni nake riƙe hannunta mu gangara daga unguwarmu Nakkasa mu je ɗawafi. A kowane zagaye, in mun wuce kusurwar Yamani ta Ɗakin Allah, takan rage murya ta ce:

Ya Salamu sallimna,
lari lari lan,
ya Laɗifu sallimna.

Tun ina shekara shida nake bin bakinta. Ina yin ta bayan kowace salla, ina yin ta kafin jarrabawa, na yi ta ranar da zazzaɓi ya kwantar da Ummata. Na rubuta ta da fensir, na sa wa kowane harafi wasalinsa, na ja layi biyu a ƙasa da rula.

Da layi ya zo kaina na miƙe na buɗe baki, sai na gane wani abu da ban taɓa lura da shi ba: ban iya faɗin ta a miƙe ba. Tana da hawa da saukarta. Layin farko ya hau, na biyu ya yi lilo sau uku, na uku ya sauko ya zauna. Haka na yi ta, ina kallon agogo.

'Yan aji suka fara ƙyalƙyala ta ƙasa-ƙasa. Wata a bayana ta ce, "Takruniya ta zo mana da biki," sunan da suke kiran mu mutanen ƙasar Hausa ke nan.

Abla ta buga rula a tebur, aka yi tsit. Ta karɓi daftarin ta duba, ta daɗe a kan layi na biyu.

"Na farko da na uku na gane su," in ji ta da Larabcinta na Sham. "Wannan na tsakiya fa? Yarenku ne?"

Na ce a'a, Larabci ne.

"Ba Larabci ba ne, 'yata. Kuma abin da kika yi yanzu rerawa ce. Addu'a na ce a kawo, ba waƙa ba. A ina kuke yin wannan?"

Na ce a ɗawafi.

Ba ta yi mini faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta dai dube ni, ta miƙo mini daftarin babu maki, ta kira ta gaba.

Tambayar da na koma gida da ita guda ɗaya ce, kuma ita ta hana ni sukuni wata biyu da 'yan kwanaki. Shekara bakwai ina zagaya Ɗakin Allah ina faɗin wannan abu. Addu'a nake yi, ko waƙa nake rerawa a gabansa?

Baba na fara tambaya. Tsire yake yi, abin da Larabawan garin ke kira sairiyya, kuma bayan azahar yakan zauna a tsakar gida yana soka nama a tsinke kafin ya fita. Na tsuguna gefensa na miƙa masa daftarin. Ya nuna mini hannayensa duk ƙuliƙuli da mai.

"Karanta mini."

Na karanta, da hawanta da saukarta, don ba ni da wata hanya. Ban kai ƙarshen layi na biyu ba hannunsa ya tsaya. Ya waiga wajen ɗakin Iya, labulen a sake yake. Ya dawo da idonsa kan daftarin ya ce, a hankali, kamar mai magana da kansa:

"Goge."

Na ciro abin goge fensir daga aljihuna na fara daga layin ƙasa. Na goge layi ukun, na goge layukan rula, na hure ɓurɓushin.

"Me kike yi haka?"

"Ka ce in goge."

Wani abu kamar dariya ya taso masa ya haɗiye. Ya rufe tiren naman da ƙyalle, ya aza a ka, ya fita, alhali lokacin fitarsa bai yi ba.

Ni a Makka aka haife ni. Hausata ta gida ce, ta ɗauko wancan, ajiye wannan. A bakina goge shi ne abin da ake yi wa allo da tukunya da hancin ƙanwata. Ban san kalmar tana da wata ma'ana ba. Abin da na fahimta ranar shi ne addu'ar ta kai munin da sai an shafe ta daga takarda, kuma ubana ya kasa faɗa mini dalili. To in haka ne, me ya sa ya tambaye ni me nake yi? Na kwana biyu ina juya wannan, ban ga inda ya haɗu ba.

Ummata a Jidda ta tashi, rabin maganarta Larabci ne. Da na tambaye ta tana tsince shinkafa, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ni a gidan nan na tarar da shi. Tambayi ubanki."

"Na tambaye shi."

"To ai shi ke nan."

Sai na koma wajen da na fi yarda da shi. Makarantarmu tana da ƙamus guda ɗaya, babba, a kulle cikin kabad ɗin shugabar makaranta. Na kwana uku ina tara ƙarfin hali kafin na roƙa. Aka ba ni lokacin hutun tsakar rana, da sharaɗin in wanke hannu. Na duba ƙarƙashin harafin lam da ra da ya. Na duba lam da alif da ra. Na ce ko Iya tana haɗiye wani harafi saboda rashin haƙora, na gwada kowane harafin maƙogwaro a gaba da baya. Babu. A rana ta huɗu wani tunani ya zo mini: ko "la raiba" ce, wato "babu shakka", wadda ke farkon Baƙara, bakin tsohuwa ya gajarta ta. Na rubuta haka a bayan daftari na gwada a hanyar gida. La raiba, la raiba. Ba ta shiga ba. Kamar ka sa wa yaro takalmin ubansa, kowane taku sai ta fita.

Alhamis ta zo, na riƙe hannun Iya muka gangara. Da muka wuce kusurwar Yamani ta fara, ni kuwa na rufe bakina. Zagaye bakwai ita kaɗai ta yi. Na ji muryarta tana jira na a layi na biyu, tana ɗan ja, sannan ta wuce. A hanyar dawowa ta saya mini alewa kamar kullum. Bayan salla kuma na rasa abin da zan yi da bakina a wurin da na saba yin addu'ar, sai in zauna ina kallon tabarma. Wani lokaci in farga ashe tana tafiya a cikin kaina ba da izinina ba, in yi istigfari, sannan in rasa ko a kan me na yi shi.

Me ya hana ni tambayar Iya tun farko? Na sha tambayar kaina. Ita ce ta taka da ƙafarta daga ƙasar Hausa, shekara biyar a hanya, ta haifi Babana a gonar auduga a Sudan. A gidanmu in an ce Iya ta ce, magana ta ƙare. Ina tsoron in tambaye ta ta ce ba ta sani ba. Na fi tsoron ta ce ta sani.

A ƙofar makarantarmu akwai wata mata mai sayar da gyaɗa da 'ya'yan kankana soyayyu, maƙwabciyarmu ce a Nakkasa, muna ce mata Gwaggo. Mutumiyar Damagaram ce, ta zo aikin hajji ta zauna, ba ta da takarda, kullum idonta yana kan bakin titi. Wata rana muna hawa dutse tare, na riƙe mata kujerarta, sai na tambaye ta ko akwai addu'ar da in an rubuta dole a goge. Ta ce ba ta gane ba. Na ba ta labarin Baba da daftari.

Gwaggo ta sauke tirenta a kan wani dutse don kada ya zube. Ta yi dariya har ta riƙe ciki.

"Kika goge?"

"Na goge."

"Tas?"

"Har layin rula."

"Allah ya shirye ku, 'ya'yan Makka. Ke, ba aiki ya sa ki ba. Suna ya faɗa miki. Goge abin kiɗa ne."

Ta ɗauki ƙaramar ƙwaryar da take awon gyaɗa ta kifa a cinyarta, ta ɗora tsinken tsintsiya a kai. Ta ce ƙwarya ce ake rufewa da fatar guza, a sa mata sanda, a ja izgar doki daga sama zuwa ƙasa. Sai a sami wata izgar a ɗaure a ɗan baka, a shafa mata ƙaro, a dinga gogawa. Ta goga yatsa a kan tsinken tana kwaikwayon sautin da hanci.

"Yana magana kamar mutum. In gwani ya riƙe shi, sai ki rantse mace ce ke kuka a bayan ɗaki. Yi mini abin in ji."

Na duba sama da ƙasa, ba kowa a lungun sai awaki. Na yi mata. Dariyar ta ɗauke daga fuskarta.

"A'uzu billahi. Wa ya koya miki?"

"Iya."

"Iyar gidanku? Mai carbi?" Ta mayar da tiren kanta da sauri. "A garinmu wannan kiɗan 'yan bori ne. Shi ake yi a ƙarshe, in ana so abin da ya hau mutum ya sauka. Kada ki ce ni na faɗa miki. Ina cin tuwon gidanku."

Na shiga gida ban iya cin abinci ba. Yanzu na san Baba bai ce in goge ba, amma abin da na samu a madadinsa ya fi muni. Na dinga satar kallon Iya tana jan carbi a bakin ƙofarta, ina neman wata alama a fuskarta, ban san ma wace iri ba. Tsohuwa ce dai mai tsagen gado a kumatu, tana korar ƙuda da gefen mayafi.

Aka rufe makaranta don aikin hajji, gari ya cika. Kamar kowace shekara muka koma ɗaki ɗaya, muka ba alhazai sauran. Cikin baƙinmu na bana akwai wata Hajiya daga wajen Kano, unguwarzoma ce a asibiti, mai yawan magana da kyauta. Wata safiya Iya tana bakace gero tana rera addu'ar nan da hanci, babu kalmomi, kamar yadda takan yi in ta manta da mutane. Hajiyar tana alwala, sai ta tsaya da buta a hannu.

"Ikon Allah. Iya, har nan ya iso?"

Iya ta katse rerawar ta ci gaba da bakace. Ni na bi Hajiyar har ɗaki da sunan kai mata shayi.

"Hajiya, kin san wannan kiɗan?"

"Wa bai san shi ba? A rediyo shi suke sawa kafin shirin manoma. Yarana in sun ji shi sun san lokacin tafiya makarantar allo ya yi."

"Ba na bori ba ne?"

"Bori kuma? Wa ya faɗa miki? Na biki ne. Da shi aka yi rawa ranar sunan ɗan fari na." Ta kurɓi shayin. "Ko da yake mijina cewa yake na fatake ne, wai da shi ake ta da ayari. Shi dai komai sai ya ce na fatake ne, don kakansa falke ne."

"Yana da kalmomi?"

"Kowane mai goge da nasa. Wanda na sani ba na faɗa ba ne, ina shirin hawan Arfa."

"Lari lari lan fa, mene ne?"

Ta dube ni kamar na tambaye ta ma'anar tari.

Na rubuta su duka a shafin ƙarshe na daftarina, ɗaya ƙarƙashin ɗaya: bori, biki, manoma, fatake. A gefe na rubuta addu'a, na sa alamar tambaya. Na saba in an ba ni amsa huɗu, uku ƙarya ne. A nan kowace ta faɗi tata ba tare da ko ɗar ba, kuma ba wadda ta taɓa jin sunan Allah a cikinsa.

Alhazai suka watse, gari ya koma namu. Alhamis ta farko bayan tafiyarsu Iya ta ce in ɗauko mata takalmanta. Muka yi ɗawafi, ita tana yi ni ina shiru. Da muka yi raka'a biyu ba ta miƙo hannu in ta da ta ba. Ta ce mu koma inuwa. Na kai ta gindin wani ginshiƙi, na ɗebo mata zamzam a kofi, ta sha rabi ta ba ni sauran. Tattabaru suna ta sauka a kan tsakuwa.

"Ƙawata," in ji ta, haka take kirana, "kin tambayi ubanki. Kin tambayi uwarki. Kin tambayi mai gyaɗa, kin tambayi baƙuwa, an ce har littafin Larabawa kin tambaya. Ni da nake kwana ɗaki ɗaya da ke, kuɗin mota ne babu?"

Na sunkuyar da kai.

"Idona ne ya tafi, kunnena yana nan. Tambayi."

Duk jerin tambayoyin da na shirya suka gudu, sai guda ɗaya.

"Iya, addu'a ce ko goge?"

Ta gyara zama ta miƙe ƙafa.

"Kakanki mai goge ne. Ubanki ba ya so a sani, don a nan kowa ɗan malam ne, ban taɓa jin wanda ya ce shi ɗan makaɗi ba ne. Ban ga laifinsa ba. Amma da gogen nan muka ci abinci shekara biyar. Duk kasuwar da muka sauka, daga Barno har bakin teku, in ya zauna ya goga, sai mun kwana da tuwo. Wannan kiɗan kuwa a wajen kawunsa ya koya, kawun ma tarar da shi ya yi. Mai gyaɗa ba ta yi ƙarya ba, baƙuwa ma ba ta yi ba. Kowa da inda ya tsince shi. Na wajenmu zambo ne ake yi wa wani marowaci da jakinsa."

Ta ɗan yi murmushi, sannan ya wuce.

"Da muka isa Sawakin, tashar jirgin ruwa, jagoranmu ya ce goge ba ya hawa jirgin alhazai. Kakanki bai yi musu ba. Ya zauna bakin ruwa ya yi wannan kiɗan sau ɗaya, ya sa wuƙa ya yanke izgar. Muna jiran jirgi zazzaɓi ya kama shi. Kwana tara. A can muka bar shi, yana iya hango teku."

Na ce, "Allah ya jiƙansa." Karo na farko ke nan da na yi wa kakana addu'a na san ko wane ne.

"Amin. To na hau jirgi da ubanki a hannu, kiɗan nan ya ƙi fita daga kaina. In na rufe ido shi, in na buɗe shi. Na ce wannan abu zai bi ni har Ɗakin Allah da jakinsa. Ana cikin haka aka yi shela mun kawo miƙati, na ga maza suna tuɓe rigunansu suna ɗaura harami, mai tsumma da mai alkyabba duk sun zama ɗaya. Sai na ce shi ma haka zan yi masa. Na tuɓe masa marowacin da jakin, na sa masa sunayen Allah guda biyu da na fi sani. Jirgin yana ta tangaɗi, abin da nake roƙo ke nan dama, a kai mu lafiya."

"Lari lari lan fa?"

"Nan ne yake jan bakan sau uku, yana kallona. Shekara arba'in ina neman sunan Allah da zai zauna a wurin. Wani ya yi tsawo, wani ya yi gajere. Sai na bar masa wurinsa. Wanda nake roƙo ya san na farko da na uku nasa ne, ya kuma san na tsakiyan na waye, bai taɓa ce mini in cire ba. Ke mai karatu ce, in kin samo wanda ya shiga, ki sa. In ba ki samu ba, in kin zo wurin ki ce Allah ya jiƙan mai goge a zuciyarki, ki wuce. Ni haka nake yi."